Ta Wace Ƙofa Za a Leƙa Cikin GDB Idan Ya Ce Bai San Alama Ba?

Duk wanda ya ɗan jima yana rubuta manhaja da harshen C ko C++ ya san ranar da GDB, wato dibagar da ake bin diddigin kurakuran manhaja da ita, zai ce masa `No symbol "jimla" in current context.`, alhali kuwa ga `jimla` nan ɓaro-ɓaro a rubutun tushe, ko kuma ya nemi a tsaya a kan fankshin `lissafa_riba` sai a mayar masa da `Function "lissafa_riba" not defined.` A irin wannan lokaci ba manhajarsa yake tuhuma ba, dibagar da ya dogara da ita wajen gano kuskure ita ce ta zama abin bincike. Matasanmu na Aboabo da Asawase da ke karatun kwamfuta a jami'ar KNUST ta Kumasi, da waɗanda ke haɗa ƙananan na'urori ga masu gyaran mota a Suame Magazine, sukan yi tambaya iri ɗaya idan sun kai nan: shin a saka layukan buga bayani cikin rubutun tushen GDB a sake gina shi, ko kuwa akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi? Hanyoyin suna da yawa, kuma ba su yi daidai da juna ba ta fuskar wahala ko ta fuskar abin da suke iya nunawa. Abin da ya kamata ya raba gardama shi ne sanin matakin da alamar ta ɓace.

Alama, wato sunan fankshin ko bariyabul tare da bayaninsa, tana bi ta matakai kafin ta iso gaban mai bincike. Kwamfaila, wato GCC ko Clang, ita ce ke rubuta bayanin kowane fankshin da kowane bariyabul cikin fayil idan an ba ta tutar `-g`, kuma a Linux tsarin da take amfani da shi shi ne DWARF, wanda fitowarsa ta 4 ta zo a 2010, ta 5 kuma a 2017, kuma tun daga GCC 11 na shekarar 2021 ita ta 5 ɗin ce ake samu idan ba a zaɓi wata ba. GDB ba ya karanta wannan bayani gaba ɗaya a farkon tashi, domin a babbar manhaja hakan zai cinye lokaci da memori. Da farko yana kwashe ƙananan alamomi daga sassan `.symtab` da `.dynsym` na fayil ɗin manhajar mai tsarin ELF, waɗanda kusan ba su ƙunshi komai ba sai suna da adireshi. Daga nan sai ya tanadi fihirisa da ke faɗa masa rukunin harhaɗawar da kowane suna yake ciki, wato abin da kwamfaila ta fitar daga fayil ɗin tushe guda. Sai lokacin da aka tambaye shi wani suna ne zai je ya warware rukunin da fihirisar ta nuna masa, ya gina cikakken jadawalin alamomi mai ɗauke da nau'i da layi da iyakar da sunan ke aiki a ciki. Ke nan alama na iya ɓacewa a fayil, ko a fihirisa, ko a wajen warwarewa, ko kuma a wajen nema, kuma kowace hanyar bincike tana ganin wasu daga cikin matakan nan ne kawai.

Hanya mafi arha ita ce a bar GDB gefe a tambayi fayil ɗin kansa. Umarnin `readelf --debug-dump=info` zai zazzage duk abin da kwamfaila ta rubuta, kuma abin nema a ciki shi ne shigarwa mai lakabin `DW_TAG_subprogram` wadda `DW_AT_name` nata ya dace da sunan fankshin. A kan kowane rukuni akwai `DW_AT_producer`, inda GCC ke ajiye tutocin da aka yi harhaɗawa da su, kuma sau da yawa nan maganar ke ƙarewa: mutum ya rantse da `-O0` ya gina, sai ya ga `-O2` a rubuce, domin wani layi a Makefile ya danne nasa. Idan shigarwar tana da `DW_AT_inline` amma babu `DW_AT_low_pc`, kuma babu wata shigarwa mai adireshi da ke nuni gare ta ta `DW_AT_abstract_origin`, to fankshin ɗin ba shi da jiki na kansa, an narkar da shi ne cikin masu kiransa, kuma sai a nemi sawunsa a `DW_TAG_inlined_subroutine`. Wanda ke da kayan LLVM, wato dangin Clang, ya fi samun sauƙi, domin `llvm-dwarfdump --name=lissafa_riba` zai fito da shigarwar kai tsaye, `--verify` kuma zai binciki ko bayanin ya saɓa wa ƙa'idar DWARF. Ƙarfin wannan hanya shi ne ba ta taɓa GDB ko kaɗan, don haka shaidarta mai zaman kanta ce. Rauninta kuwa shi ne iyakarta fayil: tana faɗin abin da aka ba GDB, ba ta faɗin abin da GDB ya fahimta daga ciki.

Masu aiki da ƙananan na'urori suna da wani tarko na daban da wannan hanyar ce kaɗai ke tona shi da wuri. Idan an haɗa da `-ffunction-sections` da `--gc-sections` domin rage girman manhaja, linka, wato mai haɗe sassan da aka harhaɗa su zama manhaja guda, zai jefar da fankshin ɗin da babu mai kiransa, amma bayaninsa na DWARF yakan rage a fayil da adireshin sifiri. A kan ƙaramar na'ura irin STM32, inda ma'adanar manhaja ta fara daga `0x08000000`, GDB yana iya gane cewa sifiri ba adireshin gaske ba ne ya yi watsi da shigarwar. A kan na'urar da manhajarta ke farawa daga sifiri kuwa, irin AVR da ke cikin Arduino Uno, wannan rarrabewa tana da wuya, kuma matattun fankshin na iya hawa kan adireshin masu rai, har GDB ya riƙa nuna layin da ba shi ake gudanarwa ba. Wanda ya ga `DW_AT_low_pc` na sifiri a `readelf` ya riga ya san inda matsalarsa take, ba ya bukatar taɓa rubutun GDB.

Hanya ta biyu, wadda a ganina ita ce ta fi cancantar lokacin mai koyo, ita ce umarnan da masu gina GDB suka tanada wa kansu a ƙarƙashin `maintenance`, ana gajarta shi `maint`. Umarnin `maint print msymbols` yana buga ƙananan alamomi, kowanne da harafi a gabansa: babban `T` na fankshin da ake gani daga ko'ina, ƙaramin `t` na wanda aka killace cikin fayil guda, `D` da `B` na bayanai. Umarnin `maint info symtabs` yana lissafa jadawalan da aka riga aka warware, `maint print symbols -source riba.c fita.txt` kuma yana zuba cikakken abin da GDB ya sani game da wannan fayil cikin `fita.txt`, shinge bayan shinge, wato iyakokin da sunaye ke aiki a cikinsu, tare da adireshin farko da na ƙarshen kowane shinge. Ga mai fama da tsayawa a layin da bai dace ba akwai `maint info line-table`, wanda ke nuna yadda aka danganta adireshi da layi. Duk waɗannan suna cikin GDB ɗin da ya zo da Ubuntu ko Debian, babu abin saukarwa, babu abin ginawa.

Sai dai akwai abin da ya wajaba a kiyaye, kuma shi ne ginshiƙin wannan kwatanci gaba ɗaya. Umarnin `maint print symbols` yana nuna abin da aka riga aka warware ne kawai, don haka idan fayil ɗin ya fito babu komai, ba hujja ba ce cewa alamar ta ɓace, wataƙila dai ba a kai ga rukuninta ba tukuna. Mai gaggawa zai buga `maint expand-symtabs` ya warware komai, sai ya ga alamar ta bayyana, ya ɗauka matsala ta wuce. Ba ta wuce ba, ya dai share shaidar da yake nema. Lamarin kamar na mai shago ne a Kejetia da littafinsa ya ce babu wani kaya, sai yaronsa ya shiga sito ya kwance kowane buhu har ya samo shi: kayan sun fito, amma littafin da ya yi ƙarya yana nan yadda yake, kuma gobe zai sake yin ta. Amfanin warware komai shi ne a yi shi da gangan a matsayin gwaji. A tayar da GDB sau biyu, ɗaya yadda aka saba, ɗaya da tutar `-readnow` wadda ke tilasta masa karanta komai tun farko ba tare da dogaro da fihirisa ba. Idan alamar ta samu da `-readnow` amma ba ta samu ba tare da ita ba, laifin na fihirisa ne, kuma an rage fagen bincike da fiye da rabi da umarni biyu kacal.

Fihirisar ma ba iri ɗaya ba ce, kuma wannan yana rikita masu bin tsofaffin bayanai. Tana iya zuwa a shirye cikin fayil a sashen `.gdb_index`, wanda `gdb-add-index` ko linka ke sakawa, ko a sashen `.debug_names` da DWARF 5 ya kawo, ko kuma GDB ya gina tasa a lokacin tashi. Shekaru da yawa abin da yake ginawa shi ne jadawalan wucin gadi da `maint print psymbols` ke bugawa, amma daga GDB 13 na farkon 2023 an maye gurbinsu a ɓangaren DWARF da sabuwar fihirisa da Tom Tromey, ɗaya daga cikin masu gina GDB, ya rubuta, wadda ake ginawa da zaruruwan aiki da yawa a lokaci guda. Saboda haka wanda ya buga `maint print psymbols` a sabon GDB bai ga komai ba kada ya firgita, ya koma ga `maint print objfiles`, wanda ke faɗin irin fihirisar da ake amfani da ita ga kowane fayil, kuma a sababbin fitowa yana zazzage abin da ke cikinta. Idan kuwa ta fito daga `.gdb_index` ne, `readelf --debug-dump=gdb_index` zai nuna ta daga waje, a kwatanta.

Duk umarnan da aka ambata hoto suke ɗauka na halin da ake ciki. Ba sa faɗin yadda aka kai ga wannan hali, kuma nan ne hanya ta uku ke shigowa, wato makunnan bin sawu na `set debug`. Da `set debug symbol-lookup 1` GDB zai riƙa faɗin kowane mataki na nema: ya duba shingen da ake ciki, ya duba na fayil, ya duba na sunayen da ake gani daga ko'ina, ya tambayi fihirisa, ya dawo da sakamako ko da hannu wofi. Makunnin `set debug symtab-create 1` yana faɗin lokacin da aka gina kowane jadawali, `set debug dwarf-read 1` kuma yana bin karatun DWARF ɗin. Akwai ɗaya da ba a cika ambatonsa ba alhali ya fi su warware matsalar yau da kullum, wato `set debug separate-debug-file on`, wanda ke lissafa kowane wuri da GDB ya leƙa yana neman fayil ɗin bayanan da aka ware daga laburare, ko ta lambar shaidar gini a ƙarƙashin `/usr/lib/debug`, ko ta sunan da ke cikin `.gnu_debuglink`. Haka nan `set complaints 100` yana sa GDB ya furta ƙorafinsa kan gurɓataccen DWARF, wanda a al'ada yakan haɗiye shi shiru. Dole ne a kunna waɗanda ke bin karatun fayil kafin a karanta shi, don haka da `-iex` ake ba da su a layin umarni, ba da `-ex` ba, domin `-ex` yana zuwa ne bayan an riga an ɗora manhajar.

Farashin wannan hanya shi ne yawan surutu. Tambaya guda a manhajar C++ tana iya haifar da layuka fiye da yadda ido zai bi, musamman idan an ɗaga makunnin zuwa 2. Maganin shi ne a karkatar da su fayil ta `set logging file` da `set logging debugredirect on` da `set logging enabled on`, sannan a yi amfani da `grep`. Idan kuma sakamakon yana sauyawa daga gudu zuwa gudu, a saka `maint set worker-threads 0` domin a kashe aikin zaruruwa, layukan su fito a jere guda, a iya kwatanta gudu biyu da `diff`.

Python, wanda ya shiga GDB tun fitowa ta 7.0 a 2009, yana jan hankalin matasa domin sun fi sabawa da shi, kuma yana da amfaninsa: da `gdb.block_for_pc` da `gdb.lookup_symbol` da `gdb.objfiles` mutum zai iya rubuta ɗan umarni da zai bi shinge-shinge ya buga sunaye a tsarin da yake so, ya ajiye shi ya yi ta amfani da shi. Amma ga wannan aiki na musamman ina sanya shi a baya. Python yana ganin abin da GDB ya yarda ya nuna ne kawai, ba ya kaiwa ga cikin fihirisa, kuma kiran `gdb.lookup_symbol` nema ne na gaske da ke iya warware rukuni, wato yana sauya abin da ake son aunawa. Ya dace da tambayar "waɗanne bariyabul ne GDB ke gani a wannan shinge", bai dace da tambayar "me ya hana GDB isa ga wannan rukuni" ba.

Saura hanyar da aka fara tambaya a kanta, wato a saka bayanin bincike cikin rubutun GDB da hannu. Ita ce mafi ƙarfi babu shakka, domin babu abin da ke ɓoye mata, kuma ita ce mafi tsada. Sai an sauko da tushe, wanda dunƙulensa ya haura megabait 20, ma'ajiyar `binutils-gdb` ta git kuwa ta ninka haka sau da yawa, abin da mai sayen data da sidinsa zai yi la'akari da shi ya yi amfani da `--depth 1`. Sai an tanadi laburaren lissafi na GMP da MPFR, kuma daga GDB 15 sai da kwamfaila mai fahimtar C++17. A kan kwamfutar hannu irin wadda ake saye a Adum mai memori gigabait 4, ginin farko aiki ne da ake farawa bayan an tabbatar batir ya cika, saboda ɗaukewar wuta. Ana rage nauyin da kashe sassan da ba a bukata, kamar `--disable-binutils --disable-ld --disable-gas --disable-sim`, a gina da `make all-gdb`, a kuma saka `-g3 -O0` domin GDB ɗin da aka gina shi ma ya bincikewu.

Wannan batu na ƙarshe yana buɗe wata ƙofa da ya kamata a gwada kafin a rubuta layi ko ɗaya: a gudanar da GDB a ƙarƙashin GDB. Ma'ajiyar ginin tana zuwa da `gdb-gdb.gdb` da `gdb-gdb.py` domin wannan aiki, kuma ba banza ba `maint info symtabs` ke buga adireshin kowane jadawali a siffar manuni na C, an yi haka ne domin a kwafe shi a liƙa a GDB na sama a duba cikinsa fili bayan fili. Ga tambayar da za a yi sau ɗaya, wurin tsayawa mai sharaɗi a cikin `lookup_symbol` ya fi faci, wato gyara rubutun tushen GDB, sauri, domin babu sake gini. Faci yana fara cin riba ne idan abin da ake bi yana faruwa sau dubbai kafin ya lalace, ko yana faruwa a zaruruwa da yawa inda tsayawa ke sauya jerin aukuwa, ko kuma idan tsarin bayanan sabo ne da babu umarnin da ke buga shi.

Wanda ya kai ga rubuta faci yana da zaɓi biyu, kuma bai kamata ya cakuɗa su ba. Idan tarihin aukuwa yake so, ya bi sawun abin da ke akwai, irin `dwarf_read_debug_printf` da `symbol_lookup_debug_printf`, waɗanda ke rubutawa zuwa `gdb_stdlog` kuma ba sa cewa komai sai an kunna makunninsu. Kada ya yi amfani da `printf` na C kai tsaye, domin zai tsallake tsarin fitarwar GDB, ya lalata TUI, wato allon GDB mai tagogi, ya kuma gurɓata maganar da GDB ke yi da editoci ta tsarin saƙonninsa da ake kira MI. Idan kuwa hoton hali yake so, ya ƙara sabon umarni a ƙarƙashin `maint print`, kuma `gdb/symmisc.c` shi ne wurin koyon yadda ake yi. A nan ƙa'idar da aka ambata a sama ta fi tsanani: umarnin ya karanta filayen tsarin bayanai kai tsaye, kada ya kira wani fankshin na nema, domin duk wanda ya kira zai iya warware rukuni a tsakiyar bugawa. Ya saka `QUIT` cikin dogayen zagaye domin a iya katse shi da Ctrl-C, ya buga adireshin manhajar da ake bincike da `paddress`, na GDB kansa kuma da `host_address_to_string`, domin faɗinsu na iya bambanta idan ana binciken na'ura mai bit 32 daga kwamfuta mai bit 64. Ya kuma jera sakamakon bisa suna ko bisa matsayin shigarwa a DWARF, ba bisa adireshin memori ba, in ba haka ba kowane gudu zai fito da tsari daban, `diff` ya zama mara amfani.

Akwai nauyin da ke biyo bayan faci wanda ba a ganinsa a ranar farko. Cikin GDB yana sauyawa sosai daga fitowa zuwa fitowa, kamar yadda `gdb_printf` ya maye gurbin tsofaffin fankshin na bugawa a GDB 13, don haka facin da aka ajiye a gida sai an yi ta gyaransa. Lasisin GPL bai tilasta wa kowa fitar da gyaran da yake amfani da shi shi kaɗai ba, amma wanda ke son a karɓi nasa cikin GDB na kowa sai ya haɗa da gwaji a tsarin gwaje-gwaje na DejaGnu, da bayani a `gdb.texinfo` da `NEWS`, kuma idan facin ya wuce 'yan layuka sai ya sa hannu a takardar miƙa haƙƙin mallaka ga Free Software Foundation.

Ga ɗalibi ko mai haɗa na'ura da alama guda ta ɓace masa, shawarata ita ce ya fara da `readelf`, ya bi da gwajin `-readnow`, sannan `set debug symbol-lookup 1`, kuma da wuya ya wuce nan bai gano ko kwamfaila ce, ko linka, ko tsohuwar fihirisa ba. Mai amfani da LLDB, dibagar LLVM, yana da makamantansu a `image dump symtab` da `image lookup -v` da `log enable dwarf info`, kuma jerin bin su bai sauya ba. Gina GDB da saka masa faci na wanda ya riga ya tabbatar da abu uku ne: DWARF ɗin da ke fayil daidai yake, `llvm-dwarfdump --verify` bai yi ƙorafi ba, kuma bin sawu ya nuna GDB ya shiga wani fankshin da alamar a hannu ya fito babu ita. A lokacin ya san fayil ɗin da zai buɗe a cikin `gdb/dwarf2/`, kuma layukan da zai ƙara ba za su yi yawa ba.